Tafinta da Ɗan Sharri, Uwa Ɗaya Uba Ɗaya

A watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan kundin da ake kira «Charte de la Refondation», wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wasu sun yi guɗa, wasu sun yi gunaguni, aka yi ta kai ruwa rana a kan ko an fifita wata al'umma a kan sauran. A cikin wannan hayaniya wata tambaya ta ɓace, alhali ita ce ta fi shafar talakan Matamaye da na Kance da na Magarya. Ƙasar da za ta riƙa gudanar da al'amuranta da harsuna uku, wa zai riƙa ɗaukar magana daga wannan harshe ya kai ta wancan? Wa ya horar da shi? In kuma ya ci amana, wa zai gane?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai duk wanda ya ji harsuna biyu tafinta ne. Wannan magana ƙarya ce, ƙarya kuwa mai tsada, domin da mutuncin mutane ake biyanta. Kalma guda ta Ingilishi ta isa ta nuna haka, ga duk malamin da zai yi haƙurin bin sawunta.

Kalmar ita ce «traduce». Ɗalibin da ya tashi da Faransanci, in yana neman yadda zai ce fassara da Ingilishi, hannunsa kan zarce gare ta, saboda ta yi kama da «traduire» kamar an tsaga kara. Malami ya ja mata jan layi, ya rubuta «translate» a gefe, a wuce gaba. Da wuya a tsaya a gaya wa yaron abin da ya rubuta. A Ingilishi «traduce» na nufin ɓata suna, yi wa mutum ƙage, zubar masa da mutunci a bainar jama'a. Yaron da ya yi niyyar cewa ya fassara jawabin hakimi, sai ga shi yana shaida da hannunsa cewa ɓatanci ya yi wa jawabin.

Ƴaƴa biyu na uwa ɗaya

Kamannin nan ba tsautsayi ba ne. Kalmomin biyu daga ciki ɗaya suka fito, wato kalmar Latin «traducere», wadda aka haɗa daga «trans», tsallake, da «ducere», jagoranta. Ma'anarta ta farko ita ce a ƙetarar da abu daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar yadda makiyayi ke ƙetarar da shanu a kogi. Amma Rumawa suna da wata al'ada ta zagayawa da fursunonin yaƙi da masu laifi a gaban taro domin a yi musu ature, irin yadda ake zagaya gari da ɓarawo da abin da ya sata a ka. Wannan zagayawa ma da «traducere» suke kiranta. Marubucin tarihi Suetonius ya ba da labarin yadda Sarki Titus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 79 zuwa ta 81, ya sa aka yi wa ƴan tsegumin da ke kai ƙarar mutane bulala, sannan aka ratsa da su ta tsakiyar dandalin wasanni kowa yana kallo. Daga wannan ma'ana ta kunyatarwa Ingilishi ya ɗauki tasa, har ta zauna a kan ɓata suna tun ƙarni na 16.

Ma'anar fassara daga baya ta zo. Wajen shekara ta 1400 wani masani ɗan Italiya, Leonardo Bruni, ya fara amfani da «traducere» a kan ƙetarar da magana daga harshe zuwa harshe. Italiyanci ya karɓa, Sifaniyanci ya karɓa, Faransanci ma ya karɓa a ƙarni na 16, har ya yar da tsohuwar kalmarsa «translater», wadda danginta ya rage a bakin Ingilishi. Duk da haka Faransanci bai manta da tsohon ɗaci ba. Har yau in an ce «traduire en justice», ana nufin gurfanar da mutum gaban alƙali. Kalma ɗaya ce ke kai magana wani harshe, ita ce kuma ke kai mutum gidan kaso.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka raini kalmar ya ɗanɗana haka a jikinsa. Étienne Dolet ya wallafa ɗan littafi a 1540 a kan ƙa'idojin fassara ta gari. A 1546 aka rataye shi, aka ƙona gawarsa a dandalin Maubert da ke Paris. Daga cikin tuhumar da malaman Sorbonne suka yi masa har da cewa ya ƙara kalmomi uku a fassarar wata tattaunawa da ake jingina wa Aflatun, kalmomin da suka ce suna musun wanzuwar rai bayan mutuwa. Ko ya yi da gangan ko bai yi ba, darasin bai canza ba: kalmomi uku a fassara sun kai nauyin ran mutum.

Mai jifa daga tsallake

Akwai kalma ta biyu da ta bi irin wannan hanya, wadda kowane yaron lakkwal ya sani: «diable» a Faransanci, «devil» a Ingilishi. Ana yawan yawo da wata tatsuniya a wayoyi cewa wai «devil» daga «evil» ta fito, an liƙa mata harafi ɗaya a gaba. Ba haka ba ne. «Evil» tsohuwar kalma ce ta dangin Jamusanci, ƴar'uwar «übel» ta Jamus. «Devil» kuwa baƙuwa ce a Ingilishi, ta shigo ta hanyar Latin «diabolus», ita kuma daga Girkanci «diabolos». Girkawa sun haɗa ta daga «dia», ta tsakiya ko tsallake, da «ballein», jefawa. «Diabolos» shi ne mai jefa magana a tsakanin mutum biyu, wato annamimi, mai ƙage. Kalma ce ta kasuwa da kotu kafin ta zama ta addini. Sa'ad da Yahudawan Iskandariya suka juya littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci, a ƙarnonin da suka gabaci haihuwar Annabi Isa, suka zo kan kalmar «satan», mai ƙara ko abokin gaba, kamar yadda ta zo a labarin Annabi Ayuba, sai suka zaɓi «diabolos». Ƙaho da wutsiya da kofato duk masu zane ne suka ƙara daga baya. Sunan aikinsa na asali shi ne tsegumi.

Wasu masana na Turai, irin su Arthur Jeffery a littafinsa na 1938, suna ganin sunan Iblis ma daga nan ya samo tushe. Malaman Larabci kuwa sun kasu: wasu sun ce daga «ablasa» yake, wato yanke ƙauna, wasu sun ce sunan ba Balarabe ba ne. Wannan muhawara ta masu ita ce. Abin da ba a musu a kansa shi ne, aikin farko da Alƙur'ani ya ba da labarin Iblis ya yi wa Adamu da Hauwa'u magana ce: ya ɗauki umurnin Ubangiji ya ba shi wata fassara ta ƙarya, ya kuma rantse cewa shi mai nasiha ne.

Abin da Hausa ta riga ta sani

Kada wani ya ɗauka cewa wannan hikima ce ta Girkawa da Rumawa da za a koya wa Bahaushe. Hausa ta riga ta iso wurin da ƙafarta. Kalmar «sharri» daga Larabci aka aro ta, inda take nufin mugunta kowace iri. Amma in Bahaushe ya ce an yi masa sharri, kowa ya san abin da yake nufi: an laƙa masa laifin da bai yi ba. Girkanci ya tashi daga mai ƙage ya isa ga uban mugunta, Hausa ta tashi daga mugunta ta sauka a kan ƙage. Hanya ɗaya ce, kowa ya bi ta daga nasa ɓangaren.

Haka «ƙazafi». Tushenta a Larabci jifa ne, daidai da «ballein» ta Girkawa, kuma shari'a ta yanka wa mai shi bulala 80 in bai kawo shaidu huɗu ba. «Yarfe» kuwa ta gida ce, daga yarfa abu a jikin mutum kamar yadda magini ke yarfa laka a bango. Sannan ga «juya». Ana juya littafi zuwa Hausa, ana kuma juya wa mutum magana. Duk wanda ya taɓa zama a wurin sulhu ya ji mai ƙara yana rantsuwa cewa ba haka ya faɗa ba, juya masa aka yi. Harsuna huɗu da ba su yi shawara da juna ba sun tsaya a kan abu ɗaya: mai ɗaukar magana daga nan ya kai can yana tsaye ne a kan siraɗi, amana a dama, sharri a hagu.

Dalilin a fili yake. Annamimi ba ya cin kasuwa sai inda mutum biyu ba su jin juna kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, babu tsagar da ta kai ta harshe faɗi. Maƙwabta biyu da aka haɗa faɗa suna iya haɗuwa wata rana su warware, ramin ƙarya ya ƙure. Amma Bahaushen da ba ya jin Faransanci da alƙalin da ba ya jin Hausa, ko sun kwana ɗaki ɗaya, ba su da hanyar gano abin da na tsakiya ya ƙara ko ya rage.

Damagaram ta ɗanɗana

Tarihin wannan yanki cike yake da shaida. A 1906, shekara 7 bayan Faransawa sun ci Zinder, hankalin ƴan mulkin mallaka a tashe yake. An yi tawaye a Kobkitanda da Karma a yammacin ƙasar, an kuma yi na Satiru kusa da Sakkwato a watan Fabrairu. A cikin wannan tsoro hafsoshin Zinder suka ba da sanarwar cewa sun gano makircin da ake ƙullawa domin a hallaka su. Aka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa, aka kai shi gudun dole ƙasar Kodebuwa, aka kama babban attajiri Malam Yaro, aka danƙa ragamar gari ga wani babban bawan fada mai sarautar Bellama. Sarauta ba ta koma gidanta ba sai a 1923, da naɗin Barma Mustafa. Marigayi Farfesa André Salifou, ɗan Zinder, ya yi bincike a kan lamarin, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo da Mahamane Bakabé ya mayar fim a 1982. Masana tarihi sun saɓa a kan ko makircin gaskiya ne ko ƙulli ne na ƴan fada masu neman gindin zama. Amma ko wanne ne, hanyar da labarin ya bi ya isa kunnen kumandan ɗaya ce: bakin ƴan rahoto da na masu fassara. Gidan sarautar da Tanimun ya ɗaukaka ya shekara 17 a hannun riƙo saboda maganar da aka ƙetarar.

A Sakkwato ma haka. Lugard ya kafa hujjar yaƙinsa da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ke cewa babu kome tsakaninsu sai yaƙi. Fassararta ta Ingilishi ce ta yaɗu, kuma masu bincike irin su Muffett sun nuna shakka a kanta. Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903. A Habasha, yarjejeniyar Wucale ta 1889 tana da fuska biyu: sashe na 17 a Amharanci ya ba Sarki Menelik zaɓin neman taimakon Italiya a hulɗarsa da ƙasashen waje, a Italiyanci kuwa ya wajabta masa. Ƙarshen wannan saɓani shi ne yaƙin Adwa na 1896. Habashawa sun yi sa'a suna da bindigogin da za su gyara fassarar. Damagaram da Sakkwato ba su samu ba.

Sharrin da ake yi da ƙamus

Sharrin fassara ba kullum yake zuwa da makirci ba. Mafi yawansa da lalaci yake zuwa, kalma guda a maimakon wata, sai ya zauna a littafi ya haihu. Boka, wanda ya san saiwa da ɓawo da ganye, an mai da shi «sorcier», alhali Hausa ta bambanta boka da maye tun fil azal. Almajiri, wanda sunansa daga mai hijira domin ilimi yake, an taƙaita shi a «mendiant». Sadaki, haƙƙin da mace ke karɓa da hannunta, an rubuta shi kamar kuɗin sayen amarya. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ta daɗe a takardun Turawa da laƙabin matsafiya, sai da Abdoulaye Mamani ya fito da littafinsa a 1980 sannan ƴan lakkwal suka fara kallonta a matsayin jaruma. Masu ƙone garuruwa suna «mission», mai kare garinta tana «sorcière».

Adalci ya wajabta a faɗi na ɗaya ɓangaren, domin ƴan gida ma suna jifa. Kalmar «laïcité» tana nufin hukuma ta tsaya a tsakiya, kada ta zama mallakar wani addini. An juya ta a majalisu da wuraren wa'azi ta koma rashin addini, wani lokaci ma kafirci tsagwaronsa, har ta yi zafin da masu rubuta kundin tsarin mulki na 1992 suka kauce mata, suka yi maganar raba hukuma da addini. «Planification familiale» an fara sakinta a Hausa da sunan ƙayyade iyali. Wane Bahaushe ne zai yarda wani ya ƙayyade masa abin da Allah ke bayarwa? Sai da aka sha wuya sannan aka koma ga tazarar haihuwa, abin da kakanni mata suka sani tun da can da sunan hutun goyo da shayarwa ta shekara biyu. Tsakanin fassara ta farko da ta biyu, mata nawa ne suka yi ta kunika saboda mazansu sun ji kalmar da ba ita aka faɗa ba?

Yankin Kance yana da nasa tabon. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu ƴan wannan yanki. Daga nan sunan Kance ya shiga rahotanni a haɗe da «mendicité» da «trafic». Ba mai hankalin da zai wanke wanda ya ja yara cikin hamada, kuma akwai dillalan da suka ci riba da wahalar mutane, sun cancanci sunan da aka ba su. Amma Hausa tana da biɗa, tana da ci-rani, tana da bara, tana da fataucin mutane, kowace da nauyinta. Rahoton da ya zuba su a ƙwarya ɗaya ya daidaita gwauruwar da gonarta ba ta kai ta watanni uku ba da dillalin da ya gina bene. Wannan ma ratsawa da mutane ne ta tsakiyar dandali, kamar zamanin Titus, sai dai a nan ba masu laifin kaɗai aka ratsa da su ba.

A ƙananan wurare abin ya fi yawa, ya kuma fi ɓoyuwa. Baƙauye a gaban jandarma ya ce «to», a rubuta ya amince, alhali «to» ɗin Bahaushe sau da yawa ladabi ne kawai. Ya ce «na ji», a rubuta ya amsa laifi. Ya ce wane ɗan'uwansa ne, a rubuta «frère», gobe a gano ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, a ce maƙaryaci ne, shaidarsa ta rushe. A asibiti mai ciwon sanyi a kai shi layin masu mura. Wanda ya yi fassarar kuwa sau da yawa masinja ne, ko mai gadi, ko wani ɗan kwaleji da aka jawo daga bakin ƙofa. Dokar 2019 a kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai ɓata sunan wani ta waya, a 2024 ma aka maido da hukuncin ɗauri a kai, domin irin wannan ɓatanci yana barin sawu. Na bakin tafinta ba ya bari. Hausar da talaka ya furta ta bi iska, Faransancin da aka sa masa a baki ya zauna a takarda da hatimi.

Masu musu

Za a ce asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, kuma gaskiya ne. Ba wanda ke cewa malamin da ya ce «traduisez» yana umurtar yara da ƙage. Asalin kalma ba alƙali ba ne, shaida ne. Abin da ya shaida shi ne cewa al'ummomi masu nisa da juna sun ga haɗari ɗaya a wuri ɗaya. Wanda ya yi watsi da shaidu huɗu da bakinsu ya zo ɗaya, shi ya kamata ya kawo hujja.

Za a ce tafintocin zamanin mulkin mallaka sun ceci garuruwa, sun sassauta zagin kumandan, sun ɓoye amsar da za ta jawo wuta. An yi haka, kuma Amadou Hampâté Bâ ya nuna irin ƙarfin da ke hannun tafinta a littafinsa na Wangrin, wanda ya fito a 1973. Amma wannan hujja a kan masu ita take faɗuwa. Wanda ke da ikon ceton gari da ƙarya yau yana da ikon hallaka shi da ƙarya gobe, in an hana shi goro. Al'umma ba ta jingina mutuncinta a kan halin mutum ɗaya da ba mai iya bincikarsa.

Za a ce tunda Hausa ta zama harshen ƙasa, buƙatar fassara ta ragu. Akasin haka ne. Dokoki da hukunce-hukunce da littattafan kimiyya da aka tara da Faransanci tun kafin 1960 ba za su juya kansu ba. Ingilishi ya ƙaru a kai. Sannan Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu da Tubawa suna da haƙƙin kada Hausa ta yi musu abin da Faransanci ya yi mata. Ranar da Bahaushe ya zama shi ne mai hatimi, shi ma yana iya zama mai jifa daga tsallake.

Za a ce na'ura ta ɗauke wannan nauyi, tunda Google ya sa Hausa a cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013. Na'ura daga rubutun mutane take koyo. In an shekara ɗari ana rubuta boka a matsayin maye, abin da za ta maimaita ke nan, da sauri kuma, ba kunya, ba wanda za a kama.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Abin takaici shi ne maganin yana gida. Duk wanda ya zauna a wurin tafsiri da azumi ya ga tsarin fassara mai amana: mai jan baƙi ya karanta nassi da ƙarfi kowa ya ji, sannan malami ya fassara, a gaban almajiran da za su iya tayar da shi in ya kauce. A wurin ɗaurin aure sanƙira yana maimaita maganar waliyyai da ƙarfi domin shaidu su ji abin da aka faɗa da abin da aka isar. Nana Asma'u ta juya waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa a cikin jama'ar da ke jin harsunan biyu. Ƙa'idar ɗaya ce: asali ya tsaya kusa da fassara, a gaban idon da zai iya gwada su.

Lakkwal ce ta karya wannan ƙa'ida. Shekaru da dama ana rataya wa yaro «symbole» a wuya in ya yi Hausa a farfajiyar makaranta, aka koya masa cewa harsunansa biyu ba su gaisawa. Yaron da aka hana gwada harshe da harshe a aji, shi ne aka wayi gari an tsayar tsakanin alƙali da mai ƙara. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, amma har yanzu ana kallon fassara kamar abin da ke zuwa da kansa, kamar gemu.

Saboda haka malamin Faransanci da na Hausa da na Ingilishi su daina zaman kishiyoyi. Su ware lokaci tun daga kwaleji da za a ba yara magana guda su juya ta, su kare zaɓinsu a gaban ƴan ajinsu, su koyi cewa «ban gane ba, a maimaita» magana ce ta mai amana. Ƙungiyoyin al'adu na Matamaye da Kance da Zinder, waɗanda suka iya shirya wasan kwaikwayo da kokawa da gasar waƙa, su zauna da ungozomomi da bokaye da limamai da tsofaffin ma'aikatan shari'a, su tattara kalmomin gado da aure da gona da cuta, kowace da iyakarta, su ba gidajen rediyon karkara. Su kuma nemi abu biyu daga hukuma da murya ɗaya: kada a tsayar da kowa fassara a kotu ko asibiti sai wanda aka jarraba aka rantsar, kuma a riƙa rubuta maganar mai magana da harshen da ya furta ta, a gefen fassararta. Tunda Hausa ta samu matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzurin da zai hana ta shiga takardar da ake ɗaure mutum da ita.

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wadda ta fita ta ƙetara wani harshe ta fi wuyar kamowa, domin mai ita ma ba zai gane ta ba in sun haɗu a hanya. Suratul Hujurati ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Malamin da ya ja jan layi a ƙarƙashin «traduce» ya ƙara minti biyar ya gaya wa ɗalibinsa dalili. Wataƙila yaron nan ne gobe zai tsaya tsakanin wata tsohuwa ta Dungu da alƙalin da ba ya jin abin da take faɗa. Allah ya sa a ba shi amanar ya riƙe.